"Ai An Gane": Maganar Da Ke Cinye Mana Ciniki Da Mutunci A Jos

Kwanakin baya an kawo mana wata rigima a zauren ƙungiya tsakanin 'yan uwanmu biyu. Ɗaya yana harkar kayan gwari a Farin Gada, ɗayan yana da rumfa a Abuja. Abin da ya haɗa su bai wuce layi ɗaya da aka rubuta a WhatsApp ba: "Akwai dankali mai kyau buhu 45 asaka kudi yau mota zata tashi." Na Abuja ya tura kuɗin buhu ashirin. Da kaya suka isa sai ya tarar ƙaramin buhu ne, shi kuwa babba ya sa a ransa. Dankalin gauraye ne, manya da ƙanana. Direba kuma ya ce ba zai sauke ba sai an biya shi kuɗin mota, domin ba wanda ya biya shi a Jos.

Muka tambayi na Farin Gada me ya hana shi faɗin girman buhu da maganar kuɗin mota. Ya ce, "Haba Alhaji, ai an gane." Na Abuja ya ce, "Wallahi ni ba haka na gane ba." Tun bayan La'asar muke zaune, sai da aka kira Isha'i kafin aka raba asarar biyu. An yi sulhu, an yi musabaha, amma cinikin da suka shekara da shekaru suna yi ya mutu a wannan zaman. Abin takaicin shi ne babu macuci a cikinsu. Dukansu mutanen kirki ne. Rubutu ne ya cuce su.

Wannan kalma ta "ai an gane" ita muke so mu yi faɗa da ita yau, domin ta zama mana cuta. Da ita muke kare kowane irin sakaci: tallar da babu farashi, hoton da ba na kayanmu ba, alkawarin da babu rana, Hausar da ko mai ita sai ya karanta sau uku, da labarin da muka tura ba mu san tushensa ba. In aka yi wa mutum gyara sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai an gane. To ba a gane ba. Da an gane, da ba mu kwana muna sulhu ba.

Waya ta zama rumfa

Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da gobarar babbar kasuwar Terminus ta watan Fabrairun 2002 ta yi mana. Dubban mutane suka wayi gari babu rumfa, wasu suka koma bakin titi, wasu suka watsu zuwa Katako da sauran kasuwanni, kuma har yau kasuwar ba ta koma yadda take ba. Yaran da aka haifa a wannan shekarar yanzu su ne 'yan kasuwa, kuma da yawansu ba su taɓa mallakar shago ba. Rumfarsu tana cikin aljihu. Matan aure da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin gida a Anguwan Rogo da Rikkos da Gangare, su ma wayar ce rumfarsu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura har dattawan da suka ƙi banki zuwa karɓar kuɗi ta waya.

A rumfar kasuwa mai saye yana ganin fuskarka, ya ɗaga buhu ya ji nauyinsa, ya murza yadi da yatsa, ya taya ka ce albarka. A waya duk wannan babu. Mutumin da ke Kano ko Legas ko Fatakwal ba ya ganin komai sai abin da ka rubuta. Rubutun nan shi ne fuskarka, shi ne ma'auninka, shi ne yaron shagonka. Babu ɗan kasuwar da zai yarda yaron shagonsa ya tari baƙo da rabin magana yana hamma, amma kullum haka rubutunmu yake tarar mutane.

Ɓoye farashi

Mu fara da al'adar da ta fi kowace ban haushi. Mutum zai sa hoton takalmi ko shadda, mutum talatin su tambaya nawa, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa a same shi a inbos. Me ake ɓoyewa? Masu wannan hali suna da hujja biyu. Ta farko, wai kada abokan hamayya su ga farashinsu. Ta biyu, wai kaya suna tashi kullum, in an rubuta farashi yau gobe ya canza.

Hujjar farko ba ta da ƙafa. Abokin hamayyarka yana da ƙane, yana da mata, yana da wani layin waya. Cikin minti biyu zai san farashinka. Wanda ka kora shi ne mai sayen gaskiya, wanda yake jin nauyin ya tambaya sannan ya ce ya fi ƙarfinsa, don haka sai ya wuce gaba ya saya a wurin wanda ya rubuta. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: mutane sun ɗauka duk mai ɓoye farashi yana so ne ya duba hoton mai tambaya, in ya ga alamar hali ya ƙara masa. Ko ba haka kake yi ba, haka ake zarginka.

Hujja ta biyu tana da ɗan gaskiya, amma maganinta layi ɗaya ne: "Wannan farashin na yau Laraba ne." Shi ke nan. Ga kuma doka: dokar Tarayya ta 2018 kan gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora wa mai sayarwa nauyin bayyana farashin abin da ya baje. Ba mu ce gobe za a zo a kama mai turaren wuta ba, amma ya kamata mu san cewa abin da muke ɗauka wayo ne, a idon doka tauye haƙƙi ne.

Kuma in za a rubuta farashi a rubuta shi cikakke. "45" ba farashi ba ne. A rubuta naira 45,000. A faɗi ma'auni: babban buhu ne ko ƙarami, kwando ne ko bokiti, mudu ne ko tiya, yadi biyar ne ko turmi. Kowa ya san mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kwandon Farin Gada kuma ba lalle ya zama daidai da wanda mai saye ya saba gani a garinsu ba. Inda za a iya faɗin kilo, a faɗa.

Hoton aro da kirarin banza

Na biyu shi ne cinikin biri a sama. Tela zai ɗauko hoton ɗinkin wani daga Instagram ya sa a shafinsa ba tare da ya ce samfuri ne ba. Mai kek za ta sa hoton da aka ɗauka a wata ƙasa. Mai gwanjo zai ɗauki rigar da ta fi kyau a dila ya ce duk haka suke. Ranar da kaya suka isa hannun mai su, ranar ake rabuwa. Ka ci ribar rana ɗaya, ka rasa mutum da danginsa da duk zauren da zai ba da labarinka.

Hoton kayanka na gaskiya, wanda ka ɗauka da rana a ƙofar shago, ya fi hoton aro ko da bai kai shi sheƙi ba. In da aibi a faɗa: "Akwai ɗan tabo a hannun hagu, shi ya sa aka rage naira 2,000." Mai saye da ya karanta wannan ya san ya samu wanda zai riƙe.

Sai kirari. Kowane kaya "na ɗaya ne a duniya", kowane yadi "ba a taɓa kawo irinsa Jos ba", kowane farashi "kyauta ne". Kalmar da kowa ke faɗa ta daina nauyi. Maimakon ka ce dankalinka babu kamarsa, ka ce na Bokkos ne, jiya aka haƙo shi, manya ne zalla. Maimakon ka ce zumarka ta gaske ce ɗari bisa ɗari, ka faɗi garin da ta fito da watan da aka ɗebo ta. Bayani yana sayar da kaya fiye da rantsuwa. Allah ya ba mu abin da wasu garuruwa ba su da shi: dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kabeji, karas, latas, koren wake, acca, har da sitiroberi. Sunan Jos kaɗai talla ne. Mu ne muke zubar da shi da ƙarin gishiri.

Masu maganin gargajiya kuma, ku ji tsoron Allah. Kwalba ɗaya ba ta maganin ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa gaba ɗaya. Wanda ya karanta tallarku ya ajiye maganin asibiti, in ya faɗi, da hannunku a ciki. In maganin yana da lambar NAFDAC a rubuta ta. In ba shi da ita, kada a yi ƙaryar yana da ita.

Saƙon murya ba takarda ba ne

Na uku, mun mayar da saƙon murya madadin komai. Za a yi cinikin dubu ɗari biyar a cikin saƙon murya na minti bakwai, wanda minti uku gaisuwa ce, minti biyu labarin ruwan sama, adadin kuɗin kuma yana can tsakiya, babur ya wuce a daidai lokacin. Bayan wata biyu in gardama ta tashi, wa zai zauna ya saurari saƙo tamanin yana neman inda aka ce "sha biyar" ko "hamsin"? Rubutu kuwa ana bincika shi da kalma ɗaya a same shi.

Mun san akwai iyayenmu da 'yan uwanmu da ba su yi boko ba, kuma saƙon murya ya buɗe musu kasuwar da da ba su da ita. Ba mu raina wannan ba. Amma ko su, in an gama magana, a sa yaro ya rubuta layi huɗu: kaya kaza, adadi kaza, kuɗi kaza, ranar kaza, kuɗin mota a kan wane. Ɗaya ɓangaren ya amsa da "Na yarda." Wanda ya iya ajami ya rubuta a takarda ya ɗauki hotonta ya tura. Ba sabon abu muka kawo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ba kotunan Najeriya damar karɓar bayanan da aka ciro daga waya da kwamfuta in an cika sharuɗɗa. Rubutun da kake ganin wasa ne, wata rana shi zai tsaya maka ko ya tsaya a kanka.

A nan ne ya kamata mu yi maganar "anjima" da "gobe in sha Allahu" da "yana hanya". Tela ya ce ɗinki zai fito "kafin Sallah". Wace rana? Mai kaya ya ce mota "ta kusa". Tana ina, Akwanga ko Keffi? A sa rana, a sa lokaci. In an ga ba za a cika ba, a riga mai kaya magana: "Hajiya, ki yi haƙuri, na ce Alhamis amma ba zai yiwu ba sai Asabar da yamma." Saƙon nan mai zafi ne a rubuta, amma ya fi kashe waya sau dubu.

Ƙugiya da raba kalma

Yanzu ga inda za a ce mun cika tsanani. In aka yi maganar ƙa'idar rubutun Hausa sai a ce wannan aikin malaman jami'a ne, mu 'yan kasuwa ne. To ga misalai daga kasuwa.

Yaronka ya rubuto maka: "Na bata kudin." Me ya ce? Ya ba ta kuɗin, ko ya ɓata kuɗin? Tsakanin biyun akwai hawan jini. Abokin cinikinka na shanu ya rubuto: "Mun kai shi kara." San ne aka kai Kara ta Bukuru, ko dillalin ne aka kai ƙara? Wata ta rubuta wa tela: "Dinkin yayi." Tana yabo ne cewa ɗinkin ya yi, ko tana neman ɗinkin yayi? Mahauci ya rubuta "akwai koda", mai karatu yana jiran ya ji ko da me. Kaya da ƙaya, saka da saƙa, baki da baƙi, fada da faɗa, tafi da ta fi, suna da su na: ƙugiya ɗaya ko tazara ɗaya ce ke raba su. Wanda ya san ka zai iya cankar abin da kake nufi. Baƙo ba zai iya ba, kuma baƙo kake nema, don wanda ya san ka ya riga ya san shagonka.

Wannan ya fi muhimmanci a Jos fiye da Kano ko Katsina. A nan Hausa ita ce harshen da Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Tarok da Ibo da Yarbawa suke haɗuwa a kai a kasuwa. Da yawa daga cikin masu sayen kayanmu da kunne suka koyi Hausa. In ka rubuta ta daidai za su bi ta a hankali su fahimta. In ka cika ta da "xan xo", "ykk", "lfy", "ngd" da "slm", ka rufe musu ƙofa. Wannan gajarce-gajarcen a bar shi tsakanin abokai. Mai kawo maka kuɗi ya cancanci cikakkiyar sallama da cikakkiyar godiya.

Kuma kada wani ya ce Hausa ba ta da ƙa'ida. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta ta da boko. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, kakanninmu suka karanta ta suka fahimta daga Sakkwato har Jos. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. An gama wannan aiki tun kafin a haifi yawancinmu. Uzurin cewa waya ba ta da haruffan shi ma ya ƙare: a shiga saitin allon rubutu na Gboard a ƙara Hausa, za a samu ƙ da ɗ da ɓ. Aikin minti biyu ne. Wanda ya yi kuskure kuma, tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi.

Akwai kuma masu ganin in ba a yi talla da Turanci ba kaya ba su yi daraja ba. Sai a haɗa Turancin da bai nuna ba da Hausar da ba ta dahu ba, a rasa duka biyun. In masu sayenka Hausa suke ji, rubuta Hausa mai kyau. In kana neman na Kudu ma, rubuta Hausa a sama, Turanci a ƙasa, kowanne cikakke, ka ba wanda ya iya ya duba maka. In na'urar fassara ka yi amfani da ita, kada ka saki abin da ta ba ka sai ɗan Adam ya karanta.

"Kamar yadda aka turo mini"

Duk abin da muka faɗa a sama asarar kuɗi ce. Wannan kuwa asarar rai ce, kuma babu garin da ya kamata ya san haka kamar namu. Mun ga Satumban 2001, mun ga Nuwamban 2008, mun ga Janairun 2010. Mun san yadda magana ɗaya take tashin unguwa.

A watan Agustan 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba suka ɗura musu. Jaridu sun ruwaito mutuwar mutane da kwantar da wasu a asibiti, har a nan Filato. Duk wanda ya tura saƙon nan da niyyar taimako ya tura shi.

A watan Yunin 2018 an yi kashe-kashe na gaske a yankin Barikin Ladi, an rasa rayuka masu yawa. Amma binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban wannan shekarar ya nuna cewa wasu daga cikin hotunan da suka fi tayar da hankali a Facebook a kwanakin ba na wurin ba ne. Wani bidiyon ma a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Hotunan suka ƙara wa wutar fetur, aka tare hanya, aka kashe matafiyan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, cikinsu har da ɗan kasuwa mai sayar da dankali daga garin nan. Wanda ya danna "tura" yana kwance a ɗakinsa.

Me ya haɗa wannan da rubutun kasuwanci? Zaurukanmu na kasuwa su ne hanyar da irin waɗannan saƙonni suka fi bi. An buɗe zaure don farashin tumatir, sai ga wani ya jefo "An fara a Terminus, kowa ya rufe shago." Babu wanda ya gani, babu lokaci, babu rana. Kafin a tantance an ja ƙofofi, masu keke sun gudu, iyaye sun ruga makarantu, kayan gwari sun kwana sun ruɓe. Wani lokacin saƙon ma na shekara uku da suka wuce ne ya sake dawowa. Rubuta "kamar yadda aka turo mini" a ƙasa ba ya wanke kowa. Da sunanka ya iso mana, kai muka sani.

Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga illar abin: a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya tak. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, alama ce ya yi yawo ya gaji. Kafin ka tura labarin tashin hankali, ka amsa tambaya uku: wa ya gani da idonsa, a ina daidai, yaushe? In kai ka gani, rubuta haka: wuri kaza, ƙarfe kaza, ranar kaza, ga abin da na gani, ga abin da ban gani ba. In ɓarawo aka kama, ɓarawo ne. Ƙabilarsa da addininsa ba su cikin labarin. Maƙwabcinka na kasuwa da ba addininku ɗaya ba yana cikin zauren, yana karantawa, kuma gobe da shi za ka yi ciniki.

In rai ya ɓaci

Saura magana ɗaya. Wata rana mai saye zai yi ƙorafi a bainar jama'a, wani da gaskiya, wani da son zuciya. Amsar da ka ba shi ba shi kaɗai ke karantawa ba. Mutum ɗari da ba su ce uffan ba suna kallo su ga halinka. "Malam, ka yi haƙuri, turo mini hoton kayan, yau za mu warware" ta fi duk wata tallar da za ka biya kuɗi a yi maka. Zagi kuwa ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Haka nan sabuwar al'adar sa hoton wanda ake bi bashi a shafi, a rubuta "macuci" ko "ɓarauniya". Mun san zafin bashi. Amma wannan hanya takan mayar da mai gaskiya mai laifi. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai dokokin ɓata suna, kuma mutane da dama a ƙasar nan sun kwana a hannun 'yan sanda saboda layi biyu da suka rubuta cikin fushi. Akwai shugabannin kasuwa, akwai masu unguwa, akwai zauren sulhu, akwai kotu. A bi ta nan.

Masu saye, ku ma ba mu ƙyale ku ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. "Slm" kaɗai ba tambaya ba ce. "Nawa" a ƙarƙashin tallar da aka rubuta farashi ɓata lokaci ne. Ka yi sallama, ka faɗi abin da kake so, adadinsa, da garin da kake, duk a saƙo ɗaya.

Yadda ya kamata a rubuta

Mu koma kan saƙon da ya raba 'yan uwanmu biyu. Da haka aka rubuta shi, da farashin nan na misali:

"Assalamu alaikum. Akwai dankalin Turawa na Bokkos, gauraye manya da matsakaita, jiya Talata aka haƙo shi. Ƙaramin buhu naira 45,000, farashin yau ne. Kuɗin mota a kan mai saye, za a biya direba in an sauke. Mota za ta tashi daga Farin Gada yau Laraba ƙarfe 5 na yamma. Ga hoton buhun a buɗe. Sunan da ke kan asusun banki shi ne sunana. Kada a tura kuɗi sai mun yi magana."

Layi shida ne. Bai kai minti biyu ba. Babu Turanci, babu kirari, babu rantsuwa, kuma babu inda za a ce "ni ba haka na gane ba". Kowace talla ta amsa waɗannan: mene ne, nawa ne, wane ma'auni, a ina yake, yaushe zai iso, wa zai biya mota, me za a yi in an samu matsala. Kafin ka tura, karanta shi da ƙarfi sau ɗaya kamar kai ne baƙon da bai taɓa zuwa Jos ba. Inda ka yi tuntuɓe, nan zai faɗi.

Muna roƙon kowane ɗan uwa da 'yar uwa, a daren yau, ya buɗe wayarsa ya karanta tallarsa uku na ƙarshe da wannan idon. Matasanmu da ke Jami'ar Jos da sauran makarantu, ku zauna da iyayenku da yayyenku ku sa musu haruffan Hausa a waya, ku rubuta musu samfurin talla ɗaya da za su riƙa canza wa farashi. Masu kula da zauruka, ku kafa doka: labarin da babu wuri, babu lokaci, babu wanda ya gani, a goge shi nan take, ko wane ne ya turo, ko da Alhaji ne.

Iyayenmu da suka zo garin nan zamanin haƙar kuza sun yi ciniki da mutanen da ba su jin harshensu, suka bar mana suna mai kyau, domin in suka ce buhu, buhu ne. In suka ce Alhamis, Alhamis ce. Maganarsu a baki take, tamu a rubuce take, kuma ta rubuce ta fi daɗewa. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da Jos da Filato lafiya, ya ba mu ikon gyarawa.